Ƙafar da Ba Ta Shiga Takalmi

Ranar Litinin da safe, cikin daminar 2006, aka tarar an fasa ƙaramin asibitin Dakta Akinola da ke Samaru. An ɓalle tagar baya, an ɗauke janareta, an watsar da kwalaben magani a ƙasa. A cikin lakar bayan ginin kuwa ga sawun takalmi, ga kuma wasu ƙananan ramuka a gefensa, irin waɗanda robar gindin sandar asibiti take bari.

Kafin 'yan sanda su iso, mutanen layin sun gama shari'a. Mai shayi ya ce aikin gurgu ne. Mai ƙosai ta ce gurgu ɗaya ta sani da ke jin haushin likitan. Wani ɗalibi da ko sunan mutumin bai sani ba ya rantse yana wurin ranar da ya ce wa likita sai Allah ya saka masa. Haka mutanenmu suke. Bakinsu ya fi ƙafarsu sauri, kuma ba a taɓa ganin wanda ya dawo ya ba da haƙuri ba.

Gurgun da suke nufi shi ne Japheth, lebura a wani kamfanin gurzar auduga da ke bayan Sabon Gari. Bara dilar auduga ta suɓuce daga ƙugiya ta faɗo masa a ƙafar hagu, ƙashin ƙwauri ya karye. Dakta Akinola shi ne likitan kamfanin. Ya ɗaure ƙafar da siminti, da lokaci ya yi ya cire, ya rubuta cewa mutum ya warke sarai. Japheth kuwa ko tsayuwar wanka ba ya iyawa. Kamfani ya riƙe maganar likitansa ya hana diyya, ya kuma sallame shi wai ya ƙi dawowa aiki. Ya kai ƙara aka kore ta. Ya ɗaukaka. Da ƙyar kotu ta yarda wani likita daban ya zo daga Kaduna ya duba ƙafar ranar Litinin mai zuwa, a wani ofis a Sabon Gari. Sharaɗin a fili yake: ma'aikacin da bai kai kansa gaban likita a ranar da aka sa ba, ƙararsa ta faɗi.

Da azahar 'yan sanda suka je gidansa a unguwar Jushi suka tafi da shi.

*

Matarsa Winifred ba ta tsaya kuka ba. Ta hau mota zuwa Samaru, ta ƙarasa Bomo a ƙafa, gidan Baba Cindo. Tsohon maharbi ne, yanzu dattijon coci. In an sace wa mutum saniya ko an girbe masa gona, shi ake kira ya bi sawu. Ta same shi yana gyara ƙotar fartanya.

"Baba, sun kulle shi. In ya kai Litinin a ciki, wahalar shekara guda ta tafi a banza. Ba mu da komai sai wannan ƙarar."

"Shi ya yi?"

"Haba Baba!"

"Ba haba na tambaye ki ba. Jiya da safe aka yi ruwa, an ce kuma sawun a kan laka yake. Ina mijinki yake bayan an taso sujada?"

Winifred ta sunkuyar da kai, ta shiga murza bakin zanenta.

Cindo ya ajiye fartanyar. "Duk Lahadi ina ganin sawun wani mutum yana shiga gidan Doguwa mai ɗori a nan Bomo. Takalmi ɗaya a dama, hagu ba komai, da gora a hannu. Ashe na gida ne."

"Don girman Allah, Baba, kada kowa ya ji." Ta matso kusa. "Ƙashin bai haɗu ba. Iya Doguwa tana taɓawa ta ce a rabe yake. Ita ta sake ɗora shi, kuma tun da ta ɗora yake samun barci. Amma Bernard na ƙungiyar ma'aikata, mai bi mana ƙarar, ya ja mana kunne. Ya ce in kamfani ya ji mun bar likitansu mun je wurin mai ɗori, za su ce ita ta ɓata ƙafar, ba dilarsu ba."

"Ba su ga karan ɗorin ba da suka kama shi?"

"Na naɗe shi da bandeji. Lahadi mai zuwa za ta kwance, Litinin ya je gaban likita ba alamar komai."

Cindo ya san ƙa'idar Doguwa, kamar yadda duk ɗan ƙauyukan nan ya san ta. Ƙafar da ta ɗora ba ta shiga takalmi sai ranar da ta kwance da hannunta. Wanda ya karya wannan, ta ce ƙashinsa zai juya, kuma ba ta ƙara taɓa shi.

"To," in ji shi. "Abin da zai fitar da shi daga hannun 'yan sanda shi ne zai kashe masa ƙara. Wannan wace irin doka ce, mutum ya nemi lafiya ya zama mai laifi?" Ya ɗauki hularsa. "Sai dai mu nemo ɓarawon da kansa."

*

Washegari Cindo ya je asibitin. Saje Nwankwo, wanda aka ba binciken, ya daɗe a Zariya har Hausarsa ta nuna. Ya sa an kewaye wurin da igiya, kuma bai hana tsohon shiga ba, don ya taɓa nemo masa ɓarayin awaki.

Cindo ya durƙusa ya daɗe. Sawun takalmin kamfani ne, mai kaurin ƙasa, irin wanda ake raba wa leburori. Ƙafa biyu duk da takalmi. Wannan kaɗai ya ishe shi shaida, amma shaida ce da ba zai iya furtawa ba. Ya haɗiye ta, ya bi sawun ta bayan katanga har bakin kwalbatin da ke gefen titi.

"Saje, zo ka gani. Da sandar ya zo, da ita ya koma. Amma duba raminta, ko kaza ta fi ta nauyi. Don ado kawai ya riƙe ta. Nan kuma ya ɗora janareta a mashin, ga tayar. Mai tayar da mashin da dama yake bugawa, a hagu yake tsayawa. Dubi yadda hagun ta nutse. Wannan ƙafar lafiyarta ƙalau."

Saje ya duba, ya gyaɗa kai. "Na gani, Baba. Zo mu ji ta bakin likita."

Dakta Akinola yana ofis yana lissafin abin da aka fasa. Mutum ne mai tsabta da sanyin murya, kuma ya ba tsohon kujera.

"Likita," in ji Saje, "Baba ya ce wanda ya shigo ƙafarsa ta hagu tana ɗaukar nauyi. Ta Japheth za ta iya?"

Likitan ya cire tabarau ya goge. "Na riga na rubuta ra'ayina a kan ƙafar nan, yana gaban kotu. Ta warke."

"Ka ga yadda yake tafiya kuwa?" in ji Cindo.

"Baba, ba ni da izinin in yi maganar da ke gaban kotu."

Da suka fito Saje ya buɗe hannuwa. "Ka ji. A takarda mutumin nan lafiyayye ne mai kwaikwayon gurgu, sawun kuma na lafiyayye ne mai kwaikwayon gurgu. Kai da bakinka ka faɗa. In na je wa oga da maganarka, ƙara ɗaure shi na yi."

Cindo ya yi tsaki. Ya zo ne ya kwance mutum, ya ƙara masa igiya.

*

A caji ofis aka fito da Japheth daga bayan kanta. Ba takalmi a ƙafarsa, amma a can kowa haka yake, don haka babu wanda ya lura. Ya rame, yana dafe da bango.

"Ina sandar asibitin da aka san ka da ita?" in ji Cindo.

"Ai ba tawa ba ce, Baba, aro kamfani ya ba ni. Ranar da likita ya rubuta na warke, Felix helmanmu, shugaban leburori, ya zo har gida ya karɓe. Wai manaja ya ce wanda ya warke me zai yi da sanda."

"Felix ɗin da ya riƙe maka 'ya a baftisma?"

"Shi. Har ya yi ƙwalla. Ya ce aike shi aka yi."

"Ka gaya wa Saje?"

"Na gaya masa. Ya ce sanda ba ta ƙare a kasuwa ba." Japheth ya rage murya. "Baba, ko za a kai ni kurkuku kada ka ambaci Bomo. 'Yata Sharon tana aji biyar. In ƙarar nan ta faɗi, makarantarta ta ƙare."

"In ka kai Litinin a nan ma ta faɗi."

"Na sani," in ji Japheth. "Ba abin da nake yi a ciki sai wannan lissafin."

*

A damina ba a gurza, injuna a rufe suke. Ɗakin iri kaɗai ke buɗe, inda ake raba wa manoma angurya, wato irin auduga. Nan Cindo ya sami Felix, ƙaƙƙarfa mai fara'a, da silifas a ƙafarsa, yana sa leburori biyu ɗinke buhuna.

"A'a, Baba Cindo da kansa! Wace saniya ta ɓata a kamfaninmu?"

"Sanda ce ta ɓata."

"Wayyo, maganar ɗan'uwana Japheth. Wallahi ko abinci ba na iya ci. Sandar ai tuni na mayar asibitin, na ajiye wa nas. Ka san su da mantuwa."

"Nas ta ce ba ta tuna ba."

"Ka ji ko? Abin da na faɗa ke nan." Felix ya ja shi gefe kamar mai ba da sirri. "Ni ba na son ɗaukar alhaki, amma ka san wa ke da mashin, kuma wa ya taɓa zagin likita a gaban mutane? Bernard. Waɗannan 'yan ƙungiyar, in ƙara ta yi musu nauyi ba abin da ba sa yi. Janareta kuma, duk wanda aka sace a garin nan shagon Emenike yake kwana."

Cindo ya yi masa godiya. Tsoho ne mai gane ƙasa, amma fuskar mutum takan ruɗe shi, musamman fuskar da yake gani a coci. Ya ɗauki maganar ya tafi da ita, ta cinye masa Laraba da Alhamis.

Emenike mai sayar da tsofaffin injuna a kasuwar Sabon Gari ya tarbe shi da ihu. "Baba, wetin? Ni ɓarawo ne? Duba, duba duka!" Ya yaye tamfol, janareta sun fi goma. Aka kira nas ta duba, babu na asibiti. Emenike ya bi su har bakin titi yana cewa ko ruwa ba su saya ba sun kore masa kasuwa.

Bernard kuwa a Jushi ya same shi, gindin wata bishiya wurin bakanike, yana zaune kusa da mashin ɗinsa da aka zazzage injinsa a faranti.

"Tun yaushe yake nan?" in ji Cindo.

"Tun kafin Ista," in ji bakaniken. "Kullum sai ya zo ya gaishe shi kamar mara lafiya."

Bernard ya miƙe a fusace da ya gane dalilin tambayar. "Ni, Baba? Ni da takalmina ya cinye a hanyar kotu saboda mutumin nan? Jiya na je na roƙi a ɗaga ranar ganin likita tunda yana tsare. Magatakarda ya ce sai na shigar da roƙo a rubuce. Na rubuta. Ya ce sai an sanar da lauyan kamfani, shi ma a ba shi lokacin amsawa. Na ce yaushe za a saurara? Ya ce ƙarshen wata. Na ce ai Litinin ɗin ta wuce! Ya ce to sai in shigar da wani roƙon na a dawo da ƙarar da ta faɗi. Beli kuma oga ya ce sai an ga janareta. Wa ma ya aiko ka wurina?"

"Felix."

Bernard ya yi dariyar takaici. "Felix! Shi da ya san ƙugiyar nan ta tsage ya ce a yi aiki da ita haka? In likitan Kaduna ya ce nakasa ce, 'yan inshora za su zo su tambayi yadda dila ta faɗo, kuma manaja ya gaya masa a ranar aikinsa ya ƙare. Mashin kuma ai yana da shi. Na kamfani, wanda yake kai iri ƙauyuka."

Cindo ya juya ya kama hanya. Haushin kansa ya fi na Felix yawa.

*

Zargi ba shaida ba ne, kuma Saje ba zai shiga kamfani mai lauya a kan maganar ɗan ƙungiya ba. Ranar Juma'a da yamma Cindo ya koma Samaru ba tare da ya san abin da yake nema ba. Yayyafin da aka yi cikin mako ya cinye gefen sawun bayan asibitin, sai wanda ke ƙarƙashin inuwar kwano ya rage. Ya ƙarasa bakin kwalbatin ya zauna don gwiwarsa ta gaji.

A nan ya gan su. Tsiro ne 'yan ƙanana, cunkushe wuri guda a gindin simintin, kowanne ya fitar da kunne biyu. Ba ciyawa ba ce. Duk wanda ya taɓa noma ya san tsiron auduga. Ya tsuguna ya duba. Wasu har yanzu ɓawon irin yana maƙale a kansu, kuma ɓawon ja ne.

Ya duba gefen simintin, ga busasshiyar laka inda aka buga takalmi aka kakkaɓe kafin a hau mashin. Lakar bayan asibiti ta fita, ta fito da tsohuwar da ke maƙale a ramukan takalmin, da abin da ke cikinta. Ranar Talata ƙasa ta rufe su. Ruwa ne ya tona.

Ya tafi neman Saje.

*

Ranar Asabar da hantsi Saje Nwankwo ya tara su a bayan asibitin: Dakta Akinola, Felix, Bernard, Winifred, da Japheth da aka kawo da ɗan sanda a gefensa. Mutanen layi suka cika bakin igiya. Saje ya umarci Felix ya zo da takalmin aikinsa, na Japheth kuma tun ranar kamu yana hannunsu.

Cindo ya kai su kwalbati ya nuna musu tsiron. "Wannan angurya ce, daga takalmin ɓarawon ta faɗo. Jan nan maganin ƙwari ne da kamfani yake shafa wa iri. Bernard, yaushe aka fara shafa ja?"

"Bana. Kafin nan fari ake shafawa."

"Japheth kuwa rabonsa da kamfani tun bara. Wa ke taka ɗakin iri kullum?"

Felix ya yi murmushi. "Baba, girmanka ne, amma irin nan mun raba shi daga Shika har Bomo. Kowane manomi yana da shi a ɗakinsa."

"Manomi ba ya sa takalmin kamfani."

"Japheth yana da shi. Iri kuma ko a gidan maƙwabci zai taka."

"Da wace ƙafar zai tayar da mashin?"

"Tambayi likita. Ai ya warke."

Kowa ya dubi Dakta Akinola. Shi kuwa ya dubi agogonsa.

"Ya isa," in ji Saje. "Ga sawu nan a ƙarƙashin kwano bai lalace ba. Na jiƙa ƙasa a gefensa. Kowa ya sa takalminsa ya taka, Baba ya gwada a gaban kowa. Takalmi iri ɗaya ne, amma cin ƙasar kowa daban."

Cindo ya yi saurin matsowa. "Saje, bari Felix ya fara."

"Wanda ake tuhuma shi ke farawa. In na fara da wani, gobe lauya ya ce na yi son kai." Ya ajiye takalman a gaban Japheth. "Sa."

Japheth ya sa na dama. Ya tsaya yana kallon na hagu.

"Sa ɗayan."

"Ƙafar tana ciwo, ranka ya daɗe."

"Bandejin a ƙwauri yake, tafin ba komai. Ba ɗaurewa za ka yi ba, zura kawai ka taka sau ɗaya. In ba sawunka ba ne, yau a gida za ka kwana."

Bernard ya matso. "Japheth, sa mana. Taku ɗaya ne. Jibi ne fa Litinin."

Winifred ta zuba wa mijinta ido. Ita ce take jin nishinsa duk watannin da ƙashi yake a rabe, ita ce kuma ta ga ranar da ya fara taka ƙasa ba hawaye. Japheth ya dube ta, ya dubi takalmin. Mai karatu zai iya cewa camfi ne, kuma wataƙila camfin ne. Amma mutumin nan hannu biyu ya gwada, ɗaya ya bar shi gurgu ya ce ya warke, ɗaya ya ba shi barci ya kafa masa sharaɗi guda. Saura kwana ɗaya a kwance ɗorin.

"Ba zan sa ba," in ji shi.

Bakin igiya ya ɗauki surutu. "Kun gani! Shi ne!"

Dakta Akinola bai fahimci komai ba. Saje ma haka. Amma Felix ɗan ƙauye ne, a bayan Shika aka haife shi. Ya dubi ƙafar dama cikin takalmi, ya dubi ta hagu a ƙasa, sai idonsa ya buɗe.

"Ɗorin Doguwa!" Ya tafa hannu. "Wallahi ɗorin Doguwa ne! Haka ta yi wa babana. Likita, ka ji? Ya bar asibiti ya tafi wurin mai ɗori! Saje, kwance bandejin nan ka gani!"

Saje ya durƙusa ya warware bandejin. Ga kara jere an saƙa da zare, ga baƙin man da aka shafa. Ya kai hannu, Japheth ya riƙe masa wuyan hannu.

"Iyakarka nan, ranka ya daɗe. Ita kaɗai ke kwancewa."

Saje ya miƙe a hankali. "Ranar Lahadi kana ina?"

"Bomo, gidanta. Daga tashin sujada har la'asar. Masu jinya sun fi biyar a wurin, duk sun gan ni."

"Me ya hana ka faɗa tun ranar Litinin?"

Dakta Akinola ya riga ya ciro wayarsa ya koma gefe yana kiran kamfani.

Saje ya juya ga Felix. "Mai kara a ƙafa ba ya tayar da mashin. Ka wanke shi da bakinka. Saura kai. Sa naka."

Sai a lokacin murmushin ya bar fuskar Felix. Ya sa, ya taka. Cindo bai ma tsuguna ba. Dunduniyar hagu ta cinye ta waje, ga kuma gurbin ƙusa biyu inda aka yi faci, iri ɗaya sak da na sawun. Mai shayi da ke bakin igiya shi ya fara cewa dama shi tun farko bai yarda da Felix ba.

A ɗakin iri, bayan buhuna, aka sami janareta da sandar. Felix bai musa ba.

"Ba don in sayar na ɗauka ba," in ji shi, yana kallon ƙasa. "Mako ɗaya kawai nake so ya yi a ciki, Litinin ta wuce a sake shi. Ina da 'ya'ya shida."

"Shi kuma itatuwa ya haifa?" in ji Winifred. "Kai ka riƙe Sharon a gaban bagadi, Felix. Da wane hannun?"

Da la'asar aka saki Japheth.

*

Ranar Lahadi Doguwa ta kwance ɗorin. Ranar Litinin tun kafin a buɗe ofishin suna bakin ƙofa, Japheth da Winifred da Bernard, da Cindo da ya ce sai ya ga ƙarshen abin. Likitan Kaduna ya iso a kan lokaci, dattijo mai furfura, ya gaishe su da kyau ya shiga.

Bai kai ga zama ba lauyan kamfani ya iso. Daga caji ofis yake, inda ya karɓi belin Felix. Ya shiga ya daɗe kaɗan, ya fito ya wuce su ba ko kallo. Sai likitan ya fito da jakarsa a hannu.

"Wane ne Japheth?"

"Ga ni, likita."

"Ka yi haƙuri. Kamfani ya shigar da ƙorafi cewa an taɓa ƙafar a wajen asibiti. An ba ni umarni in dakata sai kotu ta yanke ko ya halatta in duba."

Japheth ya naɗe ƙafar wandonsa har gwiwa. Ƙwaurin ya tsotse, ga tudu inda ƙashi ya haɗu, kuma ko makaho ya shafa ya san ta fi 'yar'uwarta gajarta.

"Ga ta nan, likita. Ba sai ka taɓa ba. Duba kawai."

Likitan ya kau da kai ya dubi bango. "In na duba yau, gobe su ce na karya umarni, a soke ni, a soke rahoton. Kai zan cuta."

"Na zo fa. A rubuta na zo."

"An rubuta."

Bernard ya tari gabansa. "Yaushe za ka dawo?"

"Ranar da kotu ta ce."

"Kotu za ta tafi hutu," in ji Bernard, ba da likitan yake ba. "Sai bayan kaka. In sun yi nasara mu ɗaukaka. In mun yi nasara su ɗaukaka."

Cindo ya dubi Japheth. "Da na sa Saje ya fara da Felix ko ta halin ƙaƙa."

"Ba kai ba ne, Baba. Ni aka ba takalmin." Ya sauke wandonsa, ya juya ga matarsa. "Ki biya makarantar su Sharon ki gaya wa hedimasta. Ki ce zangon nan kawai za ta zauna a gida, kada ya ba wani kujerarta."

Winifred ta gyara ɗankwalinta ta kama hanya. Likitan ya shiga motarsa ya nufi Kaduna, bai ga ƙafar ba.